Yadda ɗalibin masta ko dokta zai haɗa dosiyen neman lambar yabo a jami'o'in arewacin Kamaru

Shekarun baya an saka ni cikin kwamitin malamai biyar da za su zaɓi ɗalibin da ya fi fice a tsangayarmu. Cikin dosiyen da aka kawo akwai na wani yaro da na sani ciki da waje. Bincikensa a kan yadda albasa ke ruɓewa a rumbu ne, kuma shekara biyu cur yana koya wa yaran unguwarsu lissafi bayan la'asar, bai taɓa karɓar ko dala ba. Da muka buɗe dosiyensa, shafi uku muka tarar: takardar sakamako, tarihin karatu, da wasiƙa mai layi shida. Babu albasa, babu yara. Na faɗi abin da na sani a kansa, sai shugaban kwamitin ya ce, kuma gaskiyarsa, ba za a auna mutum da abin da ba ya cikin takarda ba. Wani ne ya ci. Abin ya tsaya mini a rai har yau, shi ya sa nake rubuta wannan domin ƙannena da ke karatu a Ngaundere, Marwa da Garwa.

Mataki na farko, ka san abin da ake bayarwa. Jami'o'inmu na arewa uku ne: ta Ngaundere da ke Dang, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ta Marwa da aka kafa a 2008, sai ta Garwa a 2022. Dukansu suna bin tsarin LMD, wato lisans shekara 3, masta shekara 2, dokta shekara 3. Kyautar da kowa ya sani ita ce ta ƙwazo da gwamnati ke bai wa ɗaliban da suka yi zarra, sefa dubu 50, daidai da kuɗin rajistar shekara guda. Ita wannan, maki ne ke yanke hukuncinta, kai kuma ka tabbatar sunanka da lambar rajistarka sun fito daidai a jerin da aka liƙa. Bayanta akwai kyaututtukan tsangaya da na sashe, irin wadda ake bai wa zakaran aji ranar yaye ɗalibai. Sai na waje da ake nema ta hanyar jami'a ko da goyon bayanta. Gasar Ma thèse en 180 secondes tana cikinsu, inda ɗan dokta ke bayyana bincikensa cikin minti 3 da hoton allo guda ɗaya tak. Ƙungiyar jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, AUF, ita ke shirya ta a ƙasashen Afirka da dama, kuma ofishinta na yankinmu yana Yawunde. Ga 'yan'uwa mata masu karatun kimiyya akwai kyautar L'Oréal da UNESCO ta matasan masu bincike na Afirka kudu da Sahara, yuro dubu 10 ga 'yar dokta, dubu 15 ga wadda ta gama tana ci gaba da bincike. Sanarwar irin waɗannan tana fitowa a allon sanarwa, a ofishin makarantar dokta, da zauren WhatsApp na aji. Ka mayar da leƙa allon nan al'ada, sau ɗaya a mako.

Da sanarwa ta fito, ka buga ta a takarda, ka zauna da biro. Abu huɗu za ka ja wa layi. Shin kai za ka nema da kanka, ko sai wani malami ya gabatar da sunanka? Wa ya cancanta: wace shekarar karatu, wane fanni, akwai iyakar shekarun haihuwa? Da me za a auna, kuma wane ɓangare ya fi nauyi? Sai ranar rufewa, da sa'arta, da agogon wace ƙasa. Yawancin kyaututtukan ɗaliban gaba da lisans a kan duwatsun murhu uku suke zaune: ilimi, jagoranci, da hidimar jama'a. Wata kyautar ɗaya take nema, wata duka ukun. Kada ka aika wa mai neman jagoranci jerin maƙalu, ka ce ai zai gane. Daga ranar rufewa ka ƙirga baya: mako guda na gyara da bugawa, mako uku na masu rubuta maka wasiƙar shaida, mako biyu na yawon hatimi a ofisoshi. Wata ɗaya da rabi ke nan. In sanarwar ta ba ka ƙasa da haka, abin da ka riga ka tara ne kaɗai zai cece ka.

Wannan ya kawo mu matakin da ya fi kowanne, kuma tun kafin sanarwa ake yin sa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sayi jakar roba mai maɓalli, irin wadda ruwan damina ba ya ratsawa, ka kuma buɗe ma'aji a Google Drive ko makamancinsa. Duk takardar da ta shiga hannunka, ranar ka ɗauki hotonta a tsaye, cikin haske, ka ba ta suna mai ma'ana da shekara, ka ɗora. Waya takan ɓace, kwamfuta takan mutu, gara kuma ba ta san darajar takardar masta ba. Sai ka ƙara littafin rubutu ƙarami. A ciki, duk lokacin da ka yi wani aiki da ba na aji ba, ka rubuta kwanan wata, wuri, mutum nawa suka halarta, me aka yi, wa ya gani. Layi biyu sun isa. Ɗalibai suna raina wannan littafi, amma bayan shekara biyu ba za ka tuna ko yara 12 ka koyar ko 30 ba, kuma ranar da ka fara ƙiyasi ranar ka fara zamewa daga gaskiya. Haka nan duk taron da ka yi jawabi, duk horon da ka halarta ko ka bayar, ka nemi takardar shaida kafin a watse. Masu shirya taro suna da sauƙin samu ranar taro, bayan wata shida sai ka yi ta kira ba a ɗauka.

A ɓangaren ilimi, ka fara da takardun sakamako na kowace shekara tun daga lisans, da takardar cin masta in ka gama. Ka duba matsakaicin makinka na MGP da ake lissafawa bisa 4, da darajar da aka rubuta, ka tabbatar abin da za ka saka a tarihin karatunka shi ne ainihin abin da ke kan takardar, ba tare da ɗaga ko ɗigo ba. Kwafin da aka ce a tabbatar, ka kai shi inda ake buga hatimi da tambur da wuri, ka kuma yi biyu-biyu. Ka lura da sunanka. Mu nan mutum ɗaya yakan zama Ousmanou a takardar haihuwa, Oumanou a ta sakamako, Usman a imel. Rubutun da ke kan takardar haihuwarka shi za ka bi ko'ina, in kuma akwai kuskure a wata takarda, ka je ofishin karatu a gyara tun yanzu. Ka buɗe lambar ORCID, kyauta ce, lamba ce mai alƙaluma 16 da ke haɗa duk ayyukanka wuri guda ko da an rubuta sunanka iri uku.

Maƙalu kuma a raba su gida-gida: wadda ta fito, wadda aka karɓa tana jiran fitowa, wadda aka aika ana dubawa. Wadda kake kan rubutawa ba ta shiga jerin. Kowacce ka saka sunan mujalla, shekara, shafuka, da lambar DOI, wato lambar da ake gano maƙala da ita a intanet, in akwai, kuma in ku biyar ne kuka rubuta, ka faɗi a layi ɗaya abin da kai ka yi. Ina roƙonka ka guji mujallun nan da ke aiko imel suna cewa ka biya kuɗi su buga maka cikin kwana 5. Malaman kwamiti sun san su. Maƙala ɗaya a mujallar da masana suka tace ta fi biyar a irin waɗannan, har ma biyar ɗin kan jawo a yi shakkar sauran dosiyen. Kafin ka aika ko'ina, ka tambayi mai duba aikinka.

Sai taƙaitaccen bayanin bincikenka, rabin shafi. Ka tuna kwamitin jami'a haɗin gambiza ne: malamin shari'a, na tarihi, na kimiyyar abinci, wataƙila ba ko ɗaya daga fanninka. Hanyar da nake ba ɗalibaina ita ce su je gida su yi wa mahaifiyarsu ko kawunsu bayanin aikin da Hausa ko Fulatanci. In kana nazarin muskuwari, dawar rani da ake dasawa a ƙasar karal bayan ruwa ya janye, tsoho zai tambaye ka, to me ka gano da ban sani ba? Amsar da ka ba shi, ita za ka mayar Faransanci. Matsala, abin da ka yi, abin da ka gano, wanda zai amfana. Kalmomin fanni ka bar su cikin kundin bincikenka.

Jagoranci shi ne inda ɗalibai suka fi yin kuskure, don sun ɗauka sunan muƙami ne. "Na yi delegen aji shekara biyu" bai gaya wa kowa komai ba, kowane aji yana da delege, wato wakilin ɗalibai. Abin da ake son ji shi ne me ya sauya a hannunka. Ka samu aji ba jadawalin gabatar da bincike, ka zauna da shugaban sashe, aka fara zama duk sati biyu, mutum kaza suka gabatar. Ka ga sababbin ɗalibai daga ƙauyuka suna shan wuyar neman ɗaki a Dang, ka haɗa su da tsofaffi. Ko ba ka taɓa riƙe muƙami ba, in ka haɗa abokanka kuka koya wa juna amfani da manhajar R ko QGIS har wasu suka gama lissafin kundinsu da ita, jagoranci ne. Ka zaɓi biyu ko uku, ka ba kowanne 'yan layuka: yadda ka samu abin, abin da ka yi, yadda ka bar shi. Kuma in aikin na mutum huɗu ne, ka ce na mutum huɗu ne. Garuruwanmu ƙanana ne, ɗaya daga cikin ukun da ka shafe yana iya zama ƙanin wani ɗan kwamiti.

Hidimar jama'a tana zuwa da wata damuwa da na sha ji daga bakin ɗalibai na kirki. Sukan ce, Malam, abin da na yi don Allah, in na rubuta shi ina neman yabo, ba riya ba ce? An raine mu a kan yabon kai jahilci ne, kuma kunya ado ce. Ban raina wannan damuwa ba. Abin da nake ce musu shi ne, niyyarka ranar da ka yi aikin tana tsakaninka da Ubangijinka, kai ka san ta. Kwamiti kuwa tambaya ya yi, amsa tambaya da gaskiya daban, tallan kai daban. In ka yi shiru, an yanke hukunci a kan rabin bayani, kuma aikin da ya kamata a ƙarfafa ya rasa mai tallafa masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sadakar da ka yi a ɓoye tsakaninka da wani mabuƙaci, wannan ka bar ta a ɓoye. Aikin da aka yi a bainar jama'a shi ake rubutawa: darasin yamma ga 'yan jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, taimakon da kuka kai lokacin ambaliyar kogin Logon a Yagwa ko Kuseri, fassara a wajen gangamin rigakafi, ba da jini, koyarwa ga yaran 'yan gudun hijira a sansanin Minawao.

Shaidar hidima takarda ce daga wanda ya gani: shugaban makarantar, lawan ko jauron unguwa, limami ko fasto, shugaban ƙungiyar da kuka yi aikin tare. A rubuta kwanan wata, tsawon lokaci, irin aikin, a sa hannu da hatimi. In mai shaidar ba ya rubuta Faransanci, a rubuta a karanta masa da harshen da yake ji kafin ya sa hannu. Hoto kuwa a yi hattara. Kada ka saka fuskar marar lafiya ko yaron wani ko wanda bala'i ya faɗa wa a dosiye ba da izini ba, mutuncinsu ya fi lambar yabonka. Akwai kuma wani abu da ake cakuɗawa: zuwa ƙauye tattara bayanan kundinka ba hidima ba ce, su ne suka yi maka hidima da suka ba ka lokacinsu. Yana zama hidima ranar da ka koma ka tara su ƙarƙashin bishiya, ka gaya musu abin da ka gano da harshensu. Ɗaliban da ke komawa kaɗan ne, kuma ni dai duk dosiyen da na ga wannan a ciki nakan ɗaga shi sama.

Yanzu masu rubuta maka wasiƙa. Ka zaɓi wanda ya san aikinka, ko da ƙaramin malami ne, a kan babban farfesan da bai san fuskarka ba. Mai duba kundinka shi ne na ɓangaren ilimi, na jagoranci ko hidima kuma wanda ya ga wannan da idonsa. Ka je ofis da kanka, kada ka fara da saƙon waya. Bayan gaisuwa ka ce, "Malam, an fitar da sanarwar kyauta kaza, ina so in nema. Ko Malam yana ganin na kai, kuma zai samu sarari ya rubuta mini shaida kafin ranar kaza?" Wannan tambaya ta ba shi ƙofar cewa a'a cikin mutunci, kuma a'a ta fi wasiƙar da aka rubuta da sanyin jiki. In ya amince, ka miƙa masa sanarwar, tarihin karatunka, da shafi guda na abubuwan da kuka yi tare da kwanakinsu. Malami yana duba ɗalibai da yawa, tunatarwa taimako ce. Ana saura kwana 10 ka tuna masa cikin ladabi, ana saura 4 ka sake. In kyautar ta gabatarwa ce, babu laifi ka kai wa malaminka sanarwar da kanka. Sau da yawa ba ƙi ya yi ba, bai gani ba ne. Wani zai ce ka rubuto ya sa hannu. Ka rubuta masa abubuwan da suka faru zalla, ka bar masa gurbin hukunci ya cike da kalmominsa.

Wasiƙarka ta kanka shafi ɗaya ce, sai in an ce fiye. Kada ka ɓata sakin layi na farko wajen gode wa kwamiti da kirarin jami'a. Ka shiga da abin da ya haɗa bincikenka da jagorancinka da hidimarka, don a wajen yawancin ɗalibanmu zare ɗaya ne: wanda ya taso yana ganin shanun gidansu na mutuwa shi ne ya karanta likitancin dabbobi, shi ne kuma ke zuwa rugage lokacin hutu. Ka cire kalmomin ƙwazo da jajircewa da kishi, ka sa adadi da wuri da lokaci a madadinsu, kowane da'awa da takardar da ke mara mata baya. In akwai giɓi a karatunka, shekarar da ka tsaya don rashin kuɗi ko rashin lafiya ko rashin tsaro a garinku, layi ɗaya ya isa ya bayyana shi, ba tare da neman tausayi ba. Ƙanwata, in haihuwa ce ta tsayar da ke, ki rubuta haka kanki tsaye, da watannin da kika ɗauka. Manhajojin da ke rubuta wa mutum wasiƙa kuwa, ka bar su a gyaran nahawu. Wasiƙun da suke fitarwa kamarsu ɗaya, wanda ya karanta 40 a zama guda yana gane su tun layi na biyu. Ka ba mutum biyu su karanta, ɗaya na fanninka, ɗaya wanda Faransancinsa ko Ingilishinsa ya fi naka.

Wajen miƙawa, ka jera takardun yadda sanarwa ta jera su, ka sa shafin farko mai nuna abin da ke ciki. In ta intanet ne, ka haɗa su PDF, ka duba nauyin da aka ƙayyade, ka buɗe fayil ɗin a wata wayar ka ga ko hatimai suna karantuwa. Ka aika ana saura kwana 3. Kowa a nan ya san wuta da intanet ba su da alƙawari, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ka ajiye hoton saƙon da ya nuna an karɓa. In a hannu ne, ka tafi da kwafin shafin farko, sakatariya ta buga maka hatimin karɓa da kwanan wata. Kada ka bar ofishin ba tare da shi ba, ko da an ce ka dawo gobe. In dosiyen zai je Yawunde, ka lissafa kwanakin hanya, ka bi ta hanyar da ke ba da rasit.

In aka kira ka ganawa, ka sake karanta dosiyenka daren ranar, don daga cikinsa za a tambaye ka. Ka gwada bayanin minti 3 a gaban abokai da agogo a hannu, sau biyar ko fiye, har ka daina haddar jimla ka koma ba da labari. Tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce bincikenka bai kai nan ba, ka faɗi yadda za a bi a gano. Ka ɗaga kai ka dubi masu tambaya. Sunkuyar da kai a gaban manya ladabi ne a gida, amma a ɗakin ganawa yana shanye murya.

Sakamako in ya fito, ko ka ci ko ba ka ci ba, ka koma wajen duk wanda ya rubuta maka wasiƙa ka gaya masa da bakinka, har jauron da ya buga maka hatimi. In ka ci, ka ɗauki hoton takardar yabon ranar, ka ƙara ta a tarihin karatunka da cikakken sunanta da shekara, don masu ba da tallafin karatu da masu ɗaukar malamai suna dubawa. In ba ka ci ba, ka bar mako biyu su wuce, sannan ka tambayi sakataren kwamiti ko malaminka wane ɓangare ne ya yi rauni. Ka rubuta amsar a littafin nan naka, ka sa ranar da sanarwar bana ta fito a kalandar wayarka da tunatarwa wata biyu kafin ta zagayo, ka mayar da takardun cikin jakar roba.